Yadda Ake Gyara Tiredin Kafireto Da Ya Cinye A Tsofaffin Motoci Irin Peugeot 504

Duk mai tsohuwar mota mai kafireto ya san wannan matsalar, ko kuma yana dab da saninta. Bakanike ya gama wanke kafireto, ya mayar da murfi, yana cikin ɗaure noti sai ya ji ya saki, yana ta juyawa ba ya kamawa. A gareji sai a ce tiredi ya cinye. Tiredi shi ne zaren nan da ya kewaye jikin noti da kuma cikin ramin da notin ke shiga. Idan na cikin ramin ya mutu, murfi ba ya matsuwa, kuma abin da ke biyo baya shi ne yoyon fetur ko shigar iskar da ba a buƙata.

Matsalar ta fi damun masu motoci irin Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, sannan kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, aka kuma ci gaba da yin 504 a can har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ta a Turai. Yawancin masu amfani da fetur a cikinsu kafireton Solex ko Zenith ne a kansu. Haka ma Volkswagen Beetle da aka harhaɗa a Legas, Solex ne a kanta. Ainihin irin waɗannan kafiretocin sai ƙara wuyar samu suke yi, don haka wanda ke kan mota abin lallaɓawa ne.

Ana iya gyara tiredin da ya cinye, har ma ya fi na asali ƙwari. Amma kafin a ɗauko abin huda akwai tambayar da ya kamata a amsa: wane aiki wannan ramin yake yi? Amsarta ce ke nuna gyaran da ya dace da kuma wanda zai kashe kafireton gaba ɗaya.

Me ya sa tiredin kafireto ke saurin cinyewa?

Jikin kafireto ba baƙin ƙarfe ba ne. Narkakken ƙarfe ake zubawa a mazubi, ko dai alminiyom ko kuma wani haɗi da ake kira Zamak, wanda galibinsa tutiya ce da kimanin kashi 4 cikin 100 na alminiyom. Ana iya bambanta su da nauyi, domin Zamak ya ninka alminiyom nauyi fiye da sau biyu. Dukansu biyun suna da laushi idan aka gwada su da notin baƙin ƙarfe da ake ɗaurawa a cikinsu. Duk lokacin da aka matsa fiye da kima, ramin ne ke shan kashi, notin ya fito lafiya.

Abu na biyu, layukan tiredi ba daidai suke raba nauyi ba. Layin farko na bakin rami shi kaɗai yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin, na biyu da na uku su ɗauki kaso mai yawa na sauran. Idan na farko ya karye, nauyin ya koma kan na biyu, haka za su yi ta bin juna har ramin ya zama sumul.

Na uku shi ne ƙarfin hannu. Mutumin da ya sa nauyin kilo 10 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 25 ya ba noti ƙarfin juyi na kusan Nm 25. Notin M6 na yau da kullum, ko a cikin baƙin ƙarfe yake, kimanin Nm 10 ake ɗaure shi. Ke nan an ninka masa fiye da sau biyu, kuma a cikin ƙarfe mai laushi. Notocin murfin kafireto ba sa buƙatar abin da ya wuce ƙarfin sukudireba a hannu ɗaya.

Sai kuma yawan buɗewa. Ƙurar hunturu da fetur ɗin jarka da ake saye a bakin hanya suna sa a riƙa wanke kafireto a kai a kai, kuma kowace kwancewa da ɗaurewa tana ɗan cin tiredin. Ruwan da ke shiga cikin mai shi ma yana cin tutiya, shi ne farin garin nan da ake gani a cikin ramukan.

Na ƙarshe shi ne sa notin da ba nasa ba. Ana rubuta girman noti da lamba biyu: M6 x 1.0 na nufin kaurin milimita 6, da tazarar milimita 1 tsakanin layi da layi. M5 tazararsa 0.8, M4 kuma 0.7, M8 yana da 1.25. Tsofaffin motocin Faransa sun yi amfani da M7 sosai, wanda sifana lamba 11 ke kwancewa. Motocin Amurka da tsofaffin na Ingila irin Land Rover da inci ake auna nasu. Notin kwatan inci mai layi 28 yana kama da M6 a ido, amma idan aka sa shi a ramin M6 sai ya cije. Wanda ya tilasta shi ya gama da ramin.

Ramuka iri uku

Ramukan da ke da tiredi a jikin kafireto sun kasu uku.

Akwai masu riƙewa kawai: na notocin murfin sama, na murfin ɗan famfon da ke fesa mai idan an taka totur, da na wurin da matatar iska ke zama. Aikinsu su matse abu biyu wuri guda. Waɗannan ne suka fi saurin cinyewa, kuma su ne suka fi sauƙin gyara.

Akwai masu toshe mai: mashigar fetur, notin zubar da mai na ƙasa, da mazaunin allurar da ke tsayar da mai idan kwanon kafireto ya cika. Famfon mai na tsofaffin motoci ba ya turo fetur da ƙarfi sosai, kimanin bar 0.2 zuwa 0.3 ne, amma ba ya tsayawa muddin inji na aiki. A Beetle, kafireton a saman inji yake kusa da wayoyin filogi. Ɗigon da ba ya yankewa a irin wannan wurin gobara ce ke jiran lokacinta.

Sai masu awo: ramukan jet da na notin daidaita silo. Jet ɗin tagulla ne mai ƙaramar huda da aka auna, kuma lambar da ke jikinsa a Solex tana nuna faɗin hudar: 120 na nufin kimanin milimita 1.2, 50 kuma rabin milimita. Injin fetur yana son iska kusan kashi 14.7 ga kashi 1 na mai a nauyi, kuma waɗannan 'yan ramukan ne ke tsare wannan lissafin. Idan mai ya samu hanyar zagaye jet ta gefen tiredi, lissafin ya rushe.

A fara da bincike

A cire kafireton daga kan mota, a zubar da man da ke ciki, a bar shi ya bushe nesa da wuta da masu shan taba. A kwance jet-jet, da fulot, wato abin da ke yawo a saman mai, da duk wata roba. A ɗauki hoto da waya a kowane mataki domin mayarwa.

Daga nan a duba notin. Idan an ga wani siririn ƙarfe mai launin toka ya nannaɗe a jikinsa kamar sifirin, wannan shi ne tiredin ramin da ya fito. Idan kuma layukan notin ne suka kwanta, wataƙila ramin na da sauran rai. A wanke shi, a gwada sabon noti da hannu.

A tabbatar da girman notin. Idan babu ma'aunin tiredi, a ɗora shi a kan rula a ƙirga tazara goma: idan sun ci milimita 10, tazararsa 1.0 ce, idan 8 suka ci, 0.8 ce.

A auna zurfin ramin da tsinke, a gwada da tsawon da notin ke shiga. A kuma dubi kaurin naman da ya kewaye ramin, da inda hanyoyin mai da iska suka bi. Jikin kafireto cike yake da ƙananan hanyoyi da aka huda aka toshe bakinsu, wasu suna wucewa dab da ramukan noti. Idan akwai tsaga a gefen ramin, ko ƙarfen yana marmashewa idan an kankare shi, babu tiredin da zai zauna a wurin, sai dai sauya wannan ɓangaren.

Hanyoyin gyara, daga mai sauƙi zuwa mai wuya

Ƙa'idar ita ce a zaɓi hanyar da ta fi cin nama kaɗan, domin abin da aka huda ba ya dawowa.

Hanya ta farko ita ce noti mai ɗan ƙarin tsawo. Sau da yawa ramin ya fi notin zurfi, kuma akwai lafiyayyen tiredi a ƙasa da ba a taɓa amfani da shi ba. Idan ragowar ta kai kaurin notin ko ta fi, dogon noti zai kama. Sai dai a tabbatar bai dunguri gindin ramin ba kafin ya matse murfin, don idan ya dungura zai iya fasa jikin.

Ta biyu, idan ramin a kunnen kafireto yake kuma ya ɓulla ta ƙasa, a zura dogon noti a ɗaure shi da macensa da wosha ta ƙasan. Ba a cire nama ko kaɗan ba, kuma yana riƙewa.

Ta uku ita ce ƙara girma. Ana yanka sabon tiredi da wani ƙarfe mai kama da noti mai kaifi da kanikawa ke kira tap. Lissafin hudar da tap ke buƙata mai sauƙi ne: a cire tazara daga kauri. M6 x 1.0 yana son hudar milimita 5.0, wanda kusan shi ne faɗin ramin M5 da ya cinye. M7 x 1.0 yana son 6.0, wato ramin M6 da ya cinye. Saboda haka daga M5 zuwa M6, ko daga M6 zuwa M7, kusan ba sai an huda ba. Tsallakawa daga M6 zuwa M8 kuwa yana buƙatar hudar 6.8, kuma sau da yawa kunnen kafireto ba shi da wannan naman. Illar wannan hanyar ita ce dole a faɗaɗa hudar murfin ma, kan sabon notin zai iya rasa wurin zama, sannan sabon tiredin a cikin ƙarfe mai laushin nan dai yake.

Ta huɗu ita ce sifirin tiredi, wanda aka fi sani da sunan Heli-Coil. Waya ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa, an nannaɗe ta yadda bayanta zai kama jikin rami, cikinta kuma ya zama sabon tiredi mai girman na asali. An ƙirƙiro ta ne a ƙarshen shekarun 1930 domin injunan jiragen sama, inda ake ɗaure filogi a cikin alminiyom. Amfaninta biyu ne: notin asali ne zai koma wurinsa, kuma daga ranar a jikin ƙarfe mai ƙwari zai riƙa juyawa. Tap ɗinta na M6 yana yanka faɗin kimanin milimita 7.3, ƙasa da 8 da M8 zai ci. Na M5 kuwa kimanin 6 yake yankawa, daidai da abin da ƙara girma zuwa M6 zai ci, don haka a ramin M5 sifirin ya fi riba.

Ta biyar ita ce bututun tagulla mai tiredi ciki da waje, wanda masu injin sassaƙar ƙarfe ke yi daidai da ramin. Akwai kuma na kanti irin Time-Sert. Ya fi sifirin cin nama, amma jikinsa a dunƙule yake.

Yadda ake sa sifirin

Ana sayar da kayan a saiti: ƙarfen huda, tap na musamman, sandar murɗawa, da sifirin ɗin. Tap na yau da kullum ba ya wannan aikin. Hudar M5 milimita 5.2 ce, ta M6 kuma 6.3. A ƙarfe mai laushi an fi son sifirin da tsawonsa ya kai kaurin notin sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu, in zurfin ramin ya bari.

A toshe sauran ramuka da salatif. A kafa kafireton tsakanin katako biyu, kada a matse shi da ƙarfe kai tsaye, domin zai lanƙwashe. A naɗa salatif a jikin ƙarfen huda daidai zurfin da ake so.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne hudar ta tafi a miƙe. Abin da za a cire kaɗan ne, ƙasa da rabin milimita, don haka babu buƙatar injin huda na lantarki, wanda kan fizge ya nutse cikin tutiya kafin a ankara. A ɗaura ƙarfen hudar a marikin tap a juya da hannu. Guntun katako mai kauri da aka huda a miƙe, aka ɗora a bakin ramin, yana taimakawa wajen hana karkata.

A shafa ɗan giris a kwarin tap ɗin domin ya kama ɓarɓashi, a ɗiga kananzir a ramin. A juya rabin zagaye gaba, a dawo kwata baya don ɓarɓashin ya karye, a ci gaba a haka. Bayan zagaye biyu na farko a tsaya a duba ta fuska biyu ko tap ɗin a tsaye yake. Da an ji ya taɓa gindi a tsaya.

A wanke ramin, a busar. A ɗora sifirin a sandar, a murɗa shi a hankali ba tare da dannawa ba, har ya nutse kwata zuwa rabin zagaye ƙasa da bakin ramin. Ba a juya shi baya. A ƙasansa akwai ɗan harshen da sandar ke kamawa. A ɗora siririn ƙarfe a kansa a buga sau ɗaya ya karye, sannan a kifa kafireton har sai an ga guntun ya faɗo a tafin hannu.

A ƙarshe a wanke duk jikin, a hura iska ta kowace hanya. Ɓarɓashin da ido da ƙyar yake gani ya isa ya toshe jet mai lamba 50. Kada a zura waya a cikin jet, tana faɗaɗa hudar.

Masu toshe mai da masu awo

A ramin da ke toshe mai, ba tiredi ne ke hana yoyo ba, woshar da ke ƙarƙashin kan notin ce. Sifirin ba ya toshe komai, fetur na iya bin zagayensa ya hau sama. Gyaran zai yi aiki ne kawai idan sabon tiredin ya miƙe sosai kuma mazaunin woshar a shafe yake, ta yadda za ta matsu ta kowane gefe. Karkatar da ba za ta dami notin murfi ba, a nan yoyo ce. Shi ya sa wannan aikin ya fi dacewa da masu injin sassaƙar ƙarfe, kuma bututun tagulla da aka zaunar da man toshiya mai jure fetur ya fi zama abin dogaro. Kullum a sa sabuwar wosha.

Mazaunin allura yana da ƙarin sharaɗi. A kafiretocin Solex da dama, kaurin woshar da ke ƙarƙashinsa ne ke daidaita tsayin mai a cikin kwano. Idan gyara ya sa ya zauna sama ko ƙasa da inda yake a da, ko dai mai ya riƙa malala mota ta yi ta baƙin hayaƙi, ko kuma ya gaza ta riƙa shiƙewa a hawa.

Ramukan jet da na notin silo kuwa, tiredinsu sau da yawa ƙanana ne da ba a samun saitinsu a kasuwa, kuma kan notin silo tsini ne da dole ya faɗa tsakiyar wata 'yar huda. A nan ne karin maganar nan ta garin gyaran gira a rasa ido ta fi dacewa. Abin da ya fi shi ne a nemo jikin kafireto iri ɗaya a kasuwannin kayan gyara irin Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, a mayar da jet-jet ɗin motar a cikinsa. A gwada lambar da ke jikin kafireton kafin a biya kuɗi, domin masu kama da juna a waje suna iya bambanta a ciki.

Dabarun da ke ƙara ɓarna

Cusa zaren wayar lantarki ko ashana a rami yana sa noti ya kama na 'yan kwanaki, amma yana tura bangon ramin waje har ya tsage. Notin da ke yanka wa kansa hanya, irin na kwanon rufi, haka yake yi. Farin tef na masu gyaran famfo yana yagewa ya bi mai ya toshe jet. Gam mai haɗi biyu ba ya jure kwancewa da ɗaurewa, kuma da yawa daga cikinsa yana laushi idan ya daɗe a cikin fetur.

Walda ta fi su haɗari. Zamak yana narkewa a wajen digiri 385 na ma'aunin Salshiyos, alminiyom kuma a 660, alhali harshen wutar waldar gas ya haura digiri 3,000. Tutiya ba ta yin ja ta gargaɗi mai walda, sai dai kawai ya ga gefen kafireto ya zube.

Mayarwa da gwaji

Inda aka daɗe ana matsa noti da ƙarfi, kunnuwan murfi kan lanƙwashe, kuma wannan ne ke sa a ƙara matsawa har tiredi ya tafi. A ɗora murfin a kan gilashi a duba ko yana rawa. Idan kaɗan ne, a shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashin a goga a hankali har fuskar ta daidaita. A sa sabon gasket.

Wajen sa kowane noti, a fara juya shi baya da yatsu har a ji ya faɗa bakin tiredinsa, sannan a yi gaba. Ya kamata ya shiga zagaye uku ko huɗu da yatsu kawai. Idan ya cije tun farko, a fito da shi a duba. A ɗaure notocin murfi kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa mai fuskantarta, a tsaya da zarar gasket ya matsu.

Kafin a mayar da kafireton kan mota, a cika shi da mai ta tiyo, a ajiye shi a kan busasshiyar takarda na ɗan lokaci a wuri mai iska. Bayan an ɗaura, a tayar da injin a fili, da tukunyar kashe gobara a kusa, a zuba ido a kan wurin da aka gyara. A sake dubawa bayan inji ya yi zafi, da kuma washegari. Idan akwai danshi ko warin fetur a wurin, motar ba ta fita ba tukuna.